Ruwan da Ya Kashe 'Yar Wanzami

Ranar da aka kai 'yar wanzami makwancinta, a ranar aka karya wa mijina hannu. Daga maƙabarta masu jana'iza ko gida ba su biya ba, da ƙasar kabari a ƙafafunsu suka zo ƙofar gidanmu.

Unguwarmu a jikin tudu take. Gidaje sun gangaro layi-layi har ƙasa, inda wani idon ruwa yake ɓuɓɓugowa daga tsagar dutse, ya taru a kwarmi kafin ya bi rafi. Duk wanda ba shi da rijiya a gida can yake sha, kuma komai tsananin rani ba ya ƙafewa. To a farkon daminar nan sai ruwan ya fara wani irin ƙarni. Aka ce ganye ne ya ruɓe. Daga ƙarni ya koma wari sosai, rijiyoyin wasu gidajen ma suka ɓaci, yara suka shiga amai da gudawa. 'Yar wanzami ba a daɗe da yaye ta ba. Wuni ɗaya ta yi tana zubarwa, ta tafi.

Mijina kuwa kwasar masai ce sana'arsa. Amalanke ne da shi, da durom biyu, da shebur da bokiti. Sarkin Wari suke ce masa, manya da yara, ni kuma matar Sarkin Wari. In masan mutum ya cika har ya fara leƙo shi, sai ya zo yana lallashi kamar mai neman aure, in an kwashe masa kuma kofin da ya ba ka ruwa a ciki ya zama na kaji. Saboda haka da aka tashi neman wanda ya ɓata ruwa ba a sha wata wahala ba. Wata mata ta ce ta ga sawun amalanke a bakin idon ruwa, shi ke nan an gama shari'a.

Wanzami ne ya zari sheburin mijina ya sauke masa a hannun dama. Ina tsaye, na ji ƙarar ƙashin. Sauran suka cinna wa amalanken wuta. Mai unguwa ya iso bayan an gama, kamar yadda ya saba, ya ce kafin ƙarshen mako mu tattara namu ya namu mu bar unguwar, in ba haka ba shi da kansa zai miƙa mijina ga hukuma a matsayin wanda ya kashe rai. Gidan nan mijina da hannunsa ya gina shi, a cikinsa na haifi 'ya'yana duka. In muka fita a haka, duk inda yaran nan suka sa ƙafa su ne 'ya'yan wanda ya kashe 'yar mutane.

Mijina ya ce mu bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma Kawu zan kira.

*

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Maharbi ne a da, da daji ya ƙare sai ya koma bin sawun ɓarayi. In an hauro katanga ko an kwance wa mutum akuya, shi ake aika wa. Tsoho ne siriri mai faɗan tsiya, tsakinsa ya fi maganarsa yawa. Ya zo ya duba hannun mijina da mai ɗori ya ɗaure da karare, ya ja tsaki, ya ce in wuce gaba in nuna masa ruwan.

Tun daga nesa warin ya tare mu. Kwarmin da muke sunkuyawa mu ga fuskarmu a ciki ya yi wani kauri-kauri, ga kumfa a gefe, korayen ƙudaje sun yi masa rumfa. Na toshe hanci da mayafi. Kawu ko a jikinsa. Ya durƙusa ya tara tafin hannu daidai inda ruwan ke fitowa daga dutse, ya shinshina, ya tofar da yawu. Ya ce ba daga sama aka zuba komai ba, da warinsa yake fitowa daga cikin ƙasa.

Sawun amalanken yana nan, har an kewaye shi da duwatsu wai kada a taka shaida. 'Yan kallo suka taru suna nuna masa, kowa ya zama alƙali. Ya bi sawun da ya sauko, ya bi wanda ya hau, yana sa yatsa yana auna zurfin kowanne. Sannan ya tambaye su: amalanken da ya zo zubar da kaya, yaushe yake da nauyi, da zuwa ko da komawa? Aka ce da zuwa mana. Sai ya nuna musu. Sawun saukowa da ƙyar ya karci ƙasa, na hawa kuwa ya nutse cikin taɓo, ga yatsun ƙafar mai turawa sun kafe saboda nauyi. Wannan wayam ya zo, da kaya ya tafi. Amalanken mai garuwa ne da ya zo ɗiban ruwa.

Na zaci za su ji kunya. Ina! Wani ya ce ai Sarkin Wari yana iya zagayowa ta wata hanya. Kawu ya ce ramin da mijina yake zubarwa yana tsallaken rafi, ƙasa da idon ruwan, kuma shi dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ruwa ya hau tudu da ƙafarsa ba. Nan take matar da ta fara ganin sawun ta ce ita dama can mahauci take zargi, tsoro ne ya hana ta faɗa.

*

Mahauci yana yanka a bayan shagonsa, a tsakiyar gangaren. Ban taɓa leƙa wurin ba, da na sani da ban leƙa ba, don na daɗe nama bai shiga bakina ba bayan nan. Jini da kashin tumbi sun bi wata 'yar kwata sun taru a rami, tsutsa na ninƙaya a ciki. Ya fito da wuƙa a hannu yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba, yana cewa shi mai kishin unguwa ne, ai da shi aka ƙona amalanken. A gabana yake faɗa, kamar wanda ya gina masallaci.

Kawu ya ari fartanya ya sari gefen ramin. Yumɓu ne jawur mai danƙo. Ya ce yumɓu ba ya barin ruwa ya wuce, shi ya sa ake gina tukunya da shi. Ƙazantar nan a nan take zama har rana ta shanye ta, in ta yi ambaliya kuma kwatar ta kai ta bayan tudu, gefen da ba ruwansa da idon ruwa. Ya ja guga a rijiyar mahaucin, ruwa garau. Ya ce masa ƙazami ne na ƙin ƙarawa, amma ba shi ya kashe yarinya ba. Mahauci ya rasa godiya zai yi ko zagi.

Daga nan muka shiga bi gida-gida. Inda aka yarda ya shiga ya shiga, inda ba a yarda ba ni nake shiga in jawo guga in fito masa da shi. Wasu matan sai da suka sa na wanke hannu a gabansu kafin su ba ni guga, su da ruwan rijiyarsu ko kare ba zai sha ba. Kawu in ya shinshina ya ji wari sai ya ja layi da gawayi a jikin katangar gidan, in lafiya lau ne ya wuce.

Da na gaji na ce, Kawu, wai mutum muke nema ko ruwa? Ya zauna a kan wani dakali ya harare ni. Ya ce mu mutanen gari muna zaton kowace rijiya randa ce, kowa da tasa. Ba haka abin yake ba. Ruwan sama in ya sauka ƙasa ce take sha, ya yi ta tsiyaya ta cikin yashi da tsakuwa har ya tarar da dutsen da ba ya ɓuluwa. A nan yake kwantawa, ya cika duk wani ɗan gurbi da ke tsakanin tsakuwa, sannan ya riƙa jan ciki a hankali yana bin gangare. Mai haƙa rijiya ruwan nan yake tararwa, maƙwabcinsa ma shi. Idon ruwa kuwa wurin da tudu ya ƙare ne, ruwan ya rasa ƙasar da za ta rufe shi, sai ya fito fili.

"Ƙwarya ɗaya kuke sha dukanku," in ji shi. "Na sama ya sha ya miƙo wa na ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, 'yar nan, kuma duk abin da ke tafiya sai ya bar sawu."

Da muka juya muka dubi katangun, sai ga layukan gawayin sun jeru. Daga ƙasa da faɗi, suna hawa suna tsukewa, gidajen hagu da na dama lafiya lau. Layi na ƙarshe yana jikin gidan da ke manne da katangar Mai Famfo.

*

Mai Famfo shi ke da babban gidan hayar da ke can saman tudu, ɗakuna birjik, 'yan haya kamar tururuwa. Da ranin da ya wuce ya haƙa rijiyar burtsatse, ya fito da famfo ƙofar gida. Tun da idon ruwa ya ɓaci ya ce kowa ya zo ya ɗiba kyauta. Kullum da la'asar zai tada inji, mata su yi layi da bokitai, shi kuma ya zauna a farar kujera yana karɓar addu'a. Har ni na sha yi masa ita. Na ce Kawu ka rufa mini asiri, an riga an tsane mu, kada ka ƙara mana da mutumin da unguwa ke sha a hannunsa. Ya ce shi bai ce komai ba tukuna. In je gidan makoki in tambayi uwar yarinyar wane ruwa take sha.

Ban so zuwa ba. Matan da ke zaman makoki suka janye tabarma da suka gan ni, wata ta yi kaki ta tofar. Amma matar wanzami ba ta kore ni ba, ina jin ba ta da ƙarfin korar kowa. Tana zaune da ɗan takalmin yarinyar a cinya. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne sun kiyaye. Tun ranar da aka fara jin ƙarni yarinyar ba ta ƙara ɗanɗana ruwan idon ba. Ubanta ne yake rufe shago ya hau tudu da jarka ya ɗebo mata na famfo, ita kaɗai, su manya su tafasa na ƙasa su sha. Na fito ina jin tausayinta, ina kuma jin haushin kaina da nake tausaya wa gidan da ya nakasa mini miji.

Na faɗa wa Kawu abin da ta ce. Muka koma gida, ya zauna a gaban mijina ya ce ya lissafa masa masan unguwa, wanne ke saurin cika, wanne ke daɗewa. Mijina ya san cikin kowane gida fiye da masu gidan. Yana ta zayyanowa har ya zo kan gidan hayar, sai ya tsaya. Ya ce da can nan ne aka fi kiransa, saboda yawan jama'a. Amma tun ranin da ya wuce ba a ƙara nemansa ba, ga shi kuwa an ƙara ɗakuna. Shi ya ɗauka wani mai kwasar suka samu, har ya ji zafin abin a ransa.

Kawu ya ce in da wani amalanke na shiga lungun da ya ga sawunsa, babu. Gida cike da mutane, kowa na ci kowa na zagayawa, a ce masai ba ya cika? To ina abin yake tafiya?

*

Washegari da hantsi muka hau. Mai Famfo ya tarbe mu da fara'a, yana tsotson ruwan leda, ya ce wa Kawu sannu da ƙoƙari, Allah ya tona asirin azzalumi. Ni ko kallo ban ishe shi ba. Kawu ya amsa da amin, suka taɓa hira, sannan ya dafe ciki ya ce tsufa ba daɗi, a taimaka masa da buta.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito fuskar nan a murtuke, ya miƙo mini butar ya ce in shiga in dubi ƙasa da kyau.

Banɗakin sabo ne, bulo da kwano, a tsakiyar tsakar gida inda ba mai hankalin da zai gina banɗaki. Wari kam ba a magana, na auri mai sana'ar amma sai da na toshe hanci. An zuba sabon daɓen siminti da ɗan rami a tsakiya, amma daɓen bai rufe komai ba. A ƙarƙashinsa wani tsohon siminti ya leƙo, zagayayye, ya yi santsi. A gefensa ga wasu zirara-zirara sun ci simintin, masu zurfin yatsa, a jere, sumul. Na san su. Duk macen da ta taɓa jan ruwa ta san su. Cin igiyar guga ne, na shekara da shekaru. Na ɗauki tsakuwa na saki a ramin, na yi ta saurare, sai can na ji tsundum.

Na fito na yi amai a gindin katanga. Inda na sunkuya, 'yan taku kaɗan daga banɗakin, ga bututun rijiyar burtsatsen ya nutsa ƙasa.

Wata tsohuwa 'yar haya tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta, ta kawo mini ruwa in kurkure baki, na ƙi karɓa. Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ja ta da hira. Ta ce ai rijiya ce a nan, mai daɗin ruwa, ko rani ba ta ƙafewa. Da burtsatse ya samu sai maigida ya ce ba ta da sauran amfani. Ya cike tsohon masan ya gina ɗakuna a kai, ya ce ga rami Allah ya ba shi a haƙe, mai zurfin da har jikokinsa ba za su cika shi ba. Ita dai ta ce kai, abin sha ne fa, aka ce ta yi shiru ko ta nemi wani ɗakin.

A hanya Kawu ya ce masan kirki yana tsayawa can sama da ruwa, ƙasar da ke tsakani ta tace abin da ya tsiyaya. Rijiya kuwa an haƙa ta ne don ta shiga cikin ruwan kansa. Da rani ruwan ya yi ƙasa, abin ya taru shiru. Da damina ta sauka ruwan ya taso ya kwashi rabonsa ya gangara da shi. Injin burtsatse kuma in ya tashi, abin da ke kusa da shi yake fara zuƙa. Na ce amma ruwan famfon ba ya wari. Ya ce ba duk abin da ke kisa ne ke wari ba.

Ya aike ni kanti na sayo bular wanki, duk wadda ke akwai. Muka dama ta a bokiti har ta yi kauri. Tsohuwar nan ce ta shiga da ita a ƙarƙashin zane ta juye a ramin.

*

Kawu ya sa mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidan hayar da la'asar, lokacin ɗiban ruwa. Mahauci ya zo, mai garuwa ya zo yana zare ido, wanzami ya zo ya tsaya gefe bai kalli kowa ba. Mijina ya zo da hannu a rataye, aka buɗa masa fili kamar mai kuturta. Mata na layi da bokitai har kwana. Mai Famfo na kan farar kujerarsa.

Kawu ya wanke mai garuwa, ya wanke mahauci, ya wanke mijina, kowa da dalilinsa a taƙaice. Sannan ya karɓi wani farin kwano a hannun wata, ya tari ragowar ruwan da ke bututu, ya miƙa wa Mai Famfo ya ce ya sha ya sa wa taro albarka. Ya ce ba ya jin ƙishi. Kawu ya ce ko kurɓi ɗaya. Ya ce likita ya hana shi ruwan sanyi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Kawu. "Na shiga banɗakinka na ga cin igiya a bakin rami. Wane ne yake jan guga a masai?"

Mai Famfo ya miƙe ya hau faɗa. Ya ce e, rijiya ce a da, amma matacciya ce, kuma gidansa ne, raminsa ne, abin da ya ga dama zai zuba. Burtsatsensa kuwa ya yi zurfin da ba abin da zai kai gare shi. Wannan ce sakayyar da za a yi masa bayan ya shayar da unguwa saboda Allah? Wasu har sun fara gyaɗa kai. Kawu ya ce gani ya kori ji, ya faɗa musu abin da aka juye a ramin da safe, ya ce a tada inji.

Ruwan ya zo fari. Aka cika kwano aka zubar, aka sake cikawa aka zubar. Mahauci har ya fara dariya. Can sai na ga gindin kwanon ya yi wani duhu-duhu. Na gaba ya fito shuɗi-shuɗi, na bayansa kuwa ko makaho ya shafa ya san bula ce. Kawu ya ɗaga kwanon sama ya zagaya da shi.

Matar da ke gaban layi ta saki bokitinta. Wata da ta riga ta ba ɗanta ragowar na jiya ta sa masa yatsa a maƙogwaro. Amai ta ko'ina, manya da yara, wasu na goge harshe da gefen zane. Wanzami kuwa bai yi amai ba. Zama ya yi a ƙasa daɓas cikin taɓo, ya buɗe tafin hannuwansa yana kallo. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni nake ɗebo mata."

Kawu ya nuna tarin ledojin ruwa da ke bayan kujerar, ya tambayi Mai Famfo tun yaushe shi da iyalinsa suka daina shan na famfon. Ya yi ta in-ina, daga ƙarshe ya ce tun da yaran 'yan hayarsa suka fara gudawa, amma zargi ne kawai, bai tabbatar ba. Ya ce da ya rufe famfon ai da an tambaye shi dalili.

Na jira in ga an zari shebur. Ba don ina so ba, don dai in ga ko awo ɗaya ake yi wa kowa. Babu wanda ya motsa. Mai unguwa ya gyara murya ya ce abin ƙaddara ne, ɗan Adam ajizi ne, a bar kaza cikin gashinta, za a zauna da manya. Maganar tashinmu kuma an janye, ya faɗe ta yana kallon wani wuri kamar mai tofar da ƙashin kifi. Da mijina ake zargi kisan kai ne, da aka zo kan mai farar kujera ya zama ƙaddara. Wallahi ƙyamar da na ji a lokacin ta fi wadda na ji a banɗakin. Kawu ya ja tsakin da ya fi kowanne tsawo, ya karkaɗe rigarsa, ya ce aikinsa ya ƙare a inda sawu ya ƙare, ya kama hanyar gida.

*

Duba-gari suka zo suka rufe famfon, suka tafi da Mai Famfo, ya dawo kafin a gama gulmarsa. Suka ce dole a kwashe rijiyar tas har ƙasa kafin a cike ta, in ba haka ba duk ruwan da ya sauka zai ci gaba da raba wa unguwa. Motar zuƙa ba ta shiga lungun. Aikin hannu ne, kuma mutum ɗaya ne a unguwar ya iya shi, shi ne kuma aka karya wa hannu.

Ba wanda ya zo ba mu haƙuri. Saƙo mai unguwa ya aiko, wai ko Sarkin Wari zai duba. Na ce a gaya masa ya shiga da rawaninsa. Mijina ya ce in yi shiru, yaranmu ma ruwan nan za su sha, shi dai hannu ne ba shi da shi.

Da safe na ji sallama. Na leƙa, wanzami ne, da tsohon wando da sabon shebur. Ya rame ya yi baƙi. Bai ce a yafe masa ba, ina jin ya san ba ni da yafiyar a lokacin. Ya dubi mijina ya ce, "Ka nuna mini yadda ake yi. Ni zan shiga."

Muka hau tudu mu uku. Aka fasa daɓen, aka bar ramin ya sha iska, aka yi ta jan na sama da bokiti har ya rage sai kaurin da ke ƙasa, wanda sai an shiga. Mijina ya zura fitila ya ga ba ta mutu ba, ya ɗaura wa wanzami igiya a ƙugu da hannun hagu da haƙori, ya naɗa ta a jikin turken ƙarfe. Ya ɗaga kai yana neman wanda zai riƙe. Mazan unguwa na can nesa sun toshe hanci, masu ƙarfin ƙona amalanke, kowa ya sami abin kallo a sama. Na ɗaure mayafina a ƙugu na karɓi igiyar.

Mutum da nauyi yake. Ina sassautawa kaɗan-kaɗan igiyar na cin tafin hannuna, ina jin ƙarar ƙashin nan a kunnena, kuma ba zan yi ƙarya ba, na san ba abin da ke tsakaninsa da ƙasan ramin sai yatsuna. Ya isa. Na ji yana kakarin amai, na ji shebur ya fara aiki. Can kuma sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ashe yarinyar yake kira, da sunan da yake yi mata wasa.

Mijina ya ce, "Riƙe da kyau."

Na ƙara naɗa igiyar a hannuna, na riƙe.